Mai doki ya koma kuturi

A farkon watan Disamba na shekarar 2016, a birnin Las Vegas na ƙasar Amurka, an buɗe gasar ƙarshe ta wasan rodeyo kamar yadda aka saba tun 1985. Mahaya sun shigo zauren Thomas & Mack a sukwane, jiha bayan jiha, kowace tawaga da tutarta, ƴan kallo suna ta sowa. Amma duk wanda ya san wasan ya lura da giɓi a cikin sahu. Trevor Brazile, mutumin Tekzas da ya riƙe kambun gwanin gwanaye shekara 10 a jere, daga 2006 zuwa 2015, ba ya cikin masu shigowa. Ba rauni ne ya kwantar da shi ba, kuma babu wani yaro da ya kayar da shi a fili. Abin da ya raba shi da wannan dare ɗan kati ne wanda bai kai tafin hannu ba, katin zama ɗan ƙungiya, wanda ya shafe galibin kakar wasan ba shi da ikon mallaka. Ƙungiyoyi biyu ne suka yi jayayya a kansa da ire-irensa, kuma kamar yadda aka saba a irin wannan jayayya, mai hawa ne ya biya kuɗin faɗan.

Kaboyin sinima da kaboyin kati

Wanda ya taɓa zama a bencin sinima a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai a zamanin da finafinan kaboyi ke tashe ya san siffar mutumin: malafa mai faɗi, igiya rataye a sirdi, ba shi da ubangida, ba ya neman izinin kowa kafin ya kama hanya. Siffar ta shiga zukatan samari har Mustafa Alasan ya yi fim a kanta a 1966, Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya komo gida da akwati cike da tufafin kaboyi, ya rarraba wa abokansa, gari ya rikice. Kaboyin gaskiya na wannan zamani, wanda hawa ne abincinsa, ya gaji malafar da igiyar, amma bai gaji wancan ƴanci ba.

Rodeyo ya samo asali ne daga aikin makiyayan Meziko da na yammacin Amurka. Kalmar ma ta Sifaniyanci ce, tana nufin kewaye garke a tattara shi wuri guda. Abin da makiyayi ke yi a kan dole, wato kama maraƙi da igiyar zarge, da kayar da sa don a yi masa shaida, da horar da doki mai tutsu, shi ne aka mayar gasa. Wanda ya taɓa ganin hawan ƙaho na mahauta zai gane irin zuciyar da wasan ke bukata. Akwai hawan doki mai tutsu, da sirdi ko babu sirdi, da hawan bijimi, inda ake son mahayi ya daure sakan 8 yana riƙe da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana sama ba ya taɓa dabbar. Akwai kuma fannonin da agogo ke yanke hukunci a kansu: zarge maraƙi a ɗaure shi, zarge sa tsakanin mutum biyu, dirowa daga doki a kayar da sa ta ƙaho, da sukuwar kewaya ganguna uku wadda mata suka yi fice a kanta.

Ɗan rodeyo ba shi da albashi. Shi ke biyan kuɗin shiga gasa, shi ke zuba wa motarsa mai, shi ke ciyar da dokinsa. Yakan kwana yana tuƙi daga wannan jiha zuwa waccan, ya hau dabba, ta watsar da shi a sakan na 7, ya kakkaɓe ƙura ya koma mota hannu rabbana. Matsayinsa a duniyar wasan kuwa da kuɗin da ya ci ake auna shi: kowace dalar Amurka, wadda ba dalar kasuwar Maraɗi ba ce, maki ɗaya ce a littafi. Ranar 30 ga Satumba ake rufe littafin, mutum 15 na sama a kowane fanni su ne ke zuwa Las Vegas, inda a cikin dare 10 mahayi kan iya cin abin da ya fi na sauran watannin duka. Sai dai akwai sharaɗi. Kuɗin da aka ci a gasar da babbar ƙungiya ta amince da ita ne kawai ke shiga littafin. Wannan ƙungiya ita ce PRCA, ƙungiyar ƙwararrun kaboyin rodeyo, mai mazauni a Colorado Springs, wadda a shekarun wannan rikici take sa hannu a kan gasa fiye da 600 a shekara. Ke nan wanda ke riƙe da littafin da katin, shi ke riƙe da linzamin mahayi.

Kunkuru ya so dambe

Abin mamaki shi ne, ita kanta PRCA ƴar tawaye ce. A ƙarshen Oktoba na 1936, a babban zauren wasanni na Boston, wani attajiri mai shirya rodeyo, Kanar W. T. Johnson, ya sa ladan da mahaya suka ga ko kuɗin hanyarsu ba zai fitar ba. Mutum 61 suka sa hannu a takarda suna neman a ƙara ladan, a kuma zuba kuɗin shigar da suke biya a cikin tukunyar da za a raba musu. Johnson ya ƙi. Da dare ya yi, mahaya suka ƙi hawa, suka haye bencin ƴan kallo suka zauna. Attajirin ya tara barorin barga da ma'aikatan fili ya ɗora su a kan dawaki, wasa ya lalace, jama'a suka yi ta ihu. Dole ya sauko.

Kwanaki kaɗan bayan haka mahayan suka kafa ƙungiya, suka raɗa mata suna Ƙungiyar Kunkuru, domin sun daɗe suna jan jiki kafin su haɗa kai, amma daga ƙarshe sun fito da wuyansu waje. Masu iya magana sun ce kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Waɗannan kunkuru sun gano cewa yatsan da suke da shi guda ɗaya ne, wato ƙin hawa. Idan babu mahayi babu wasa, komai kyan fili da yawan fitilu. Ƙungiyar ta sauya suna a 1945, ta sake sauyawa a 1975 ta zama PRCA. A tsakanin nan ta daidaita dokokin wasa, ta sa ido a kan alƙalanci, ta tabbatar da cewa wanda ya ci za a biya shi, sannan ta kafa gasar ƙarshe a 1959 a Dallas. Babu mai gaskiya da zai raina wannan aiki. Kafin Kunkuru, mahayi yana hannun mai shirya wasa, ya ga dama ya biya, ya ga dama ya hana.

Amma ƙungiyar da ta fara a matsayin sandikar mahaya ta girma ta zama hukumar wasan baki ɗaya. A teburin shugabancinta aka sami kujerun kwamitocin garuruwa masu shirya gasa, da na masu ba da hayar dawaki da bijimai, da na ma'aikatan fili. Dukansu suna da haƙƙi a wasan, amma bukatunsu ba ɗaya ba ne. Kwamitin ƙaramin gari yana son manyan taurari su zo filinsa ko da ladan kaɗan ne. Tauraro kuwa yana son ya rage tafiya, ya hau kaɗan, ya ci da yawa, ya tsira da ƙasusuwansa. Sannu a hankali mahayan da ke rayuwa da wasan kaɗai suka fara ganin cewa gidan da kakanninsu suka gina ya cika da baƙi, muryarsu ta zama ɗaya daga cikin muryoyi. Mai doki ya koma kuturi.

Ɓarakar da ta gabata

Ba a 2015 aka fara ɓallewa ba. Tun 1957 aka kafa wata ƙungiya ta daban, wadda daga baya ta zama IPRA, da nata zakarun da tata gasar ƙarshe. Amma ɓallewar da ta sauya tunanin kowa ita ce ta 1992, lokacin da mahaya bijimai 20, cikinsu har da Ty Murray da Tuff Hedeman da Cody Lambert, suka taru a ɗakin wani masauki a Scottsdale ta jihar Arizona, kowanne ya ajiye dalar Amurka 1,000, suka kafa PBR. Hujjarsu a fili take. Hawan bijimi shi ne abin da ƴan kallo ke jira har ƙarshen wasa, shi ne kuma ya fi kisa. Shekara uku kafin nan, a 1989, abokinsu Lane Frost ya mutu a filin Cheyenne yana da shekara 25, bayan bijimi ya soke shi. Suka ce wanda ya fi kusa da kabari bai kamata a raba masa lada daidai da kowa ba. Cacarsu ta ci. Daga 2003 zakaran PBR yana karɓar tukuicin dala miliyan ɗaya, kuma a 2015 an sayar da kamfanin a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai wajen dala miliyan 100. Tun daga nan hawan bijimi ya zama yana da zakarun duniya biyu a kowace shekara, ana kuma gardamar wane ne na gaskiya.

Mata ma sun ɗanɗana nasu. Ƙungiyarsu, wadda mata 38 suka kafa a San Angelo ta Tekzas a 1948, ta zama WPRA daga baya, ita ke kula da sukuwar ganguna a filayen PRCA shekara da shekaru. Da saɓani ya shiga tsakaninsu a kan kuɗi, sai PRCA ta kafa nata reshen sukuwar mata domin kakar 2007. Mace mai doki ta wayi gari tana da zaɓi biyu: ta tsaya da ƙungiyar da iyayenta mata suka gina ta rasa hanyar Las Vegas, ko ta sayi sabon kati ta bi hanyar. Magana ta kai gidan shari'a, masu taya alƙali hukunci suka ba WPRA gaskiya tare da diyyar fiye da dala miliyan 6, aka sasanta a farkon 2008. Amma shekarar 2007 ta riga ta wuce da kambu biyu, kuma matan da suka saba raba mota ɗaya da kuɗin mai sun sami kansu a sansani biyu.

Akwai kuma wani nau'in ɓaraka da ba ya bukatar kotu. A 2011 babbar gasar Houston, wadda a lokacin take biyan zakaran kowane fanni dala 50,000, ta fita daga ƙarƙashin PRCA, ba ta komo ba sai 2019. A waɗannan shekaru mahayi yakan ci wannan dukiya ya zuba a aljihu, amma ko dala ɗaya ba ta shiga littafin da ke kai mutum Las Vegas. Idan kuwa ya karye a Houston, karayar tana binsa har filayen da ake ƙirga maki. Kuɗin ba ya ƙirguwa, raunin yana ƙirguwa.

Wanzami ba ya son jarfa

A kan wannan tarihi ne manyan taurari suka tsaya a 2015 suka ba da sanarwar sabuwar ƙungiya mai suna ERA, wato zaɓaɓɓun ƴan wasan rodeyo. A gabanta akwai Trevor Brazile, da Bobby Mote na jihar Oregon, zakaran duniya sau huɗu a hawan doki babu sirdi, da Ryan Motes mai zarge sa. Manufarsu ita ce su yi wa rodeyo baki ɗaya abin da mahaya bijimai suka yi wa fanninsu a 1992: gasa kaɗan a manyan zaure, gwanaye zalla a kowane dare, talabijin na nunawa, sannan mahayan su mallaki hannun jari a kamfanin, domin ranar da gwiwa ta ƙi, mutum ya sami abin dogaro. Ba su ce za su bar PRCA ba. Nufinsu su ci nan su ci can.

Tsohuwar ƙungiya ta mayar da martani cikin gaggawa. A kaka ta 2015 ta kafa doka cewa duk wanda ke da hannun jari, ko muƙami, ko aiki a wata ƙungiyar rodeyo mai hamayya, ba za a sayar masa da kati ba. An tsara ma'anar hamayya da wayo, ta shafi ƙungiyar da ke shirya gasa a fanni biyu ko fiye, don haka PBR mai fanni ɗaya ta tsira, ERA ta faɗa ciki. Wata dokar kuma ta hana masu shirya gasar PRCA su karɓi wasan ƴan hamayya a filinsu cikin awa 72 kafin nasu ko bayansa. Jikokin waɗanda suka haye benci a Boston su ne yanzu ke rufe ƙofa ga masu son fito da wuya. Wanzami dai ba ya son jarfa.

A Nuwamba na 2015 Brazile da Mote da Motes suka kai ƙara kotun tarayya da ke Dallas, suna cewa dokokin sun saɓa wa dokar ƙasa mai hana babakere a kasuwa, suka roƙi a dakatar da su kafin a gama shari'a. A Fabrairu na 2016 mai shari'a Barbara Lynn ta ƙi wannan roƙo. Ba ta kori ƙarar ba, amma ta ga masu ƙara ba su nuna a fili cewa za su yi asarar da ba ta gyaruwa ba, ba su kuma nuna cewa su ne za su yi nasara a ƙarshe ba. Ba da jimawa ba ERA ta janye ƙarar. Daga ranar nan magana ta bar hannun lauyoyi ta koma kan kowane mahayi shi kaɗai, shi da iyalinsa da bashin motarsa.

Taura biyu

Zaɓin da aka ajiye a gabansu ba shi da daɗi ta kowace fuska. Wanda ya riƙe hannun jarinsa ya rasa gasa ɗaruruwa, da Cheyenne da Pendleton da sauran tsofaffin filaye masu daraja, ya rasa Las Vegas, ya rasa kan ɗamara na zinariya da ake ba zakara, abin da kowane yaron kaboyi ke mafarkinsa tun yana zarge bokiti a tsakar gida. Kamfanonin da ke liƙa sunansu a rigarsa kuma daren Las Vegas suke saye. Wanda ya mayar da hannun jarin kuwa ya tsira da katinsa, amma sai ya dubi idon abokan da suka yi alkawari tare. Wasu sun mayar, suka ci gaba da hawa a ɓangarorin biyu a matsayin baƙi marasa jari. Wasu suka tsaya. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ya zaɓi ɗaya bai huta da tunanin ɗayar ba.

ERA ta fara wasanta a Maris na 2016 a Redmond ta jihar Oregon, ta kammala a Nuwamba a Dallas. Gwanaye sun hau, amma kujeru da kuɗi ba su zo yadda aka yi fata ba. An soke kakar 2017, kuma ƙungiyar ba ta sake tashi ba. Wani abu ne ya fito fili wanda taurarin ba su auna nauyinsa ba. A garuruwan yammacin Amurka rodeyo biki ne na shekara, kamar yadda kowane gari ke da ranar da ƴaƴansa ke komowa gida. Jama'a suna zuwa ne domin bikin garinsu, da faretinsa da kasuwarsa, ko wane ne ya hau. Dubban masu aikin sa kai ne ke ɗauke da shi. Ana iya kwashe taurari a kai su wani zaure, amma ba a iya kwashe biki.

Ita ma tsohuwar ƙungiya tana da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya. Yawancin masu katinta ba taurari ba ne. Makiyaya ne da malaman makaranta da masu ƙananan sana'o'i, waɗanda ke hawa a ƙarshen mako a yankinsu. Domin su ne ma aka raba ƙasar shiyya 12 a 1975, kowace da gasarta. A ƙananan filayen nan ne Brazile da Mote suka koyi faɗuwa da tashi kafin duniya ta san sunansu. Idan gwanaye suka kwashe kirim suka bar tsala, da me ƙaramin gari zai jawo ƴan kallo, a ina kuma gwanin gobe zai fito? PRCA ta ce ba za ta reni mutum ya yi suna a filinta ba, sannan ya zauna a cikin gida yana da jari a shagon da ke son kwashe mata ciniki. Su kuma taurarin suka ce suna ba kyauta aka ba su ba, da haƙarƙarinsu suka saye shi. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya, shi ya sa faɗan ya yi ɗaci.

Shekarar da ba ta dawowa

Inda ma'aunin kotu da na mahayi suka rabu shi ne a kan ma'anar asarar da ba ta gyaruwa. A idon shari'a, abin da kuɗi ke iya biya bai zama asara ta har abada ba. A jikin mahayi kuwa lissafin dabam ne. Hawan doki babu sirdi yana fizgar kafaɗa da gwiwar hannu da wuya a kowane tsalle, kuma shekarun da mutum ke kan ganiyarsa ƴan ƙirge ne. Ƙungiya tana iya jira. Ta ga 1936, ta ga 1992, za ta ga abin da ke tafe. Mahayi ba shi da wannan sarari. Shekara ɗaya a wurinsa wani babban yanki ne na dukan abin da Allah ya ba shi.

Sunaye uku sun isa misali. Bobby Mote ya je gasar ƙarshe sau 15 a jere, daga 2001 zuwa 2015. Yana dab da shekara 40 lokacin da aka rufe masa ƙofa, kuma bai sake hawa a wannan gasa ba. Kaycee Feild, wanda ya ci kambun fannin sau huɗu a jere daga 2011 zuwa 2014, ya bi ERA yana tsakiyar ƙarfinsa, ya rasa Las Vegas a 2016. Ƙuruciya ta ba shi damar komowa, ya sake cin kambu a 2020 da 2021. Brazile ya komo shi ma, ya karɓi kambun gwanin gwanaye a 2018, ya tara kambun duniya 26, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa kafinsa. Amma a jerin shekarunsa akwai rami a 2016, kuma babu alƙalin da zai cike shi.

Asarar ba ta tsaya kan waɗanda aka hana ba, ta taɓa har waɗanda suka ci. A 2016 Junior Nogueira ya zama mutumin Birazil na farko da ya ɗauki kambun gwanin gwanaye, Tim O'Connell kuma ya ci na hawan doki babu sirdi. Dukansu gwanaye ne na haƙiƙa, O'Connell ma ya sake ci a 2017 da 2018. Duk da haka, wanda ya yi nasara a shekarar da aka hana manya shiga fili yakan rayu da wata tambaya da ba shi ya jawo ta ba. Zakara yana son ya kayar da zakara. Idan ƙungiyoyi suka raba fili, sukan hana wanda ya fita kambunsa, su kuma rage wa wanda ya zauna daɗin nasa.

Sannan akwai wanda babu jaridar da ta rubuta sunansa, mahayin da ke na 30 ko na 40 a littafi. ERA ba ta gayyace shi ba, domin bai kai zaɓaɓɓe ba. A teburin PRCA kuma ba shi da bakin da ake ji. An yi faɗan da sunan ƴancin mahaya, an kare gida da sunan ƙananan mahaya, shi kuwa yana kan hanya da tsakar dare, doki a bayan mota, yana lissafin ko abin da ya rage zai kai shi gari na gaba. Fitar manya ta ba shi ɗan sarari na shekara guda, komowarsu ta rufe shi. Kuɗin shiga bai ragu ba, man mota bai ragu ba, kuɗin likita ma haka.

Ba za a ce faɗan ya tafi a banza ba. Hamayya ta tilasta wa kowa ya buɗe jaka. Tun kafin ERA, barazanar ɗauke gasar ƙarshe daga Las Vegas ta sa ladanta ya kai dala miliyan 10 daga 2015. A 2018 aka kafa wata sabuwar ƙungiya, WCRA, da haɗin gwiwar PBR, Bobby Mote kuma ya zama shugabanta. An tsara ta yadda mahayi zai shiga gasarta ba tare da ya ajiye katinsa na PRCA ba. Darasin 2016 ya shiga. Sai dai waɗanda suka biya kuɗin karatun ba su ne suka fi cin moriyarsa ba, kamar yadda mutum 61 na Boston ba su ga miliyoyin Las Vegas ba.

Kowace ƙungiya tana da ranar haihuwa da take alfahari da ita, ranar da talakawan sana'a suka ce a'a. Ana rataye hotunan wannan rana a bango, ana ba yara labarinta. Ranar gwaji kuwa daban take, ita ce ranar da ɗan gida ya miƙe ya faɗi wannan kalmar ga ƙungiyar kanta. A 2015 PRCA ta amsa da rufe littafi, ta kuma yi nasara, domin gidan yana tsaye, taurari sun komo ɗaya bayan ɗaya. Sun ajiye jarin da suka yi fatan zai riƙe su a tsufa, suka biya kuɗin kati kamar kowa, aka buɗe musu sabon shafi wanda babu ko dala ɗaya a cikinsa. Daga nan kowannensu ya ɗora doki a mota ya nufi gasa ta gaba, da malafarsa da igiyarsa, ya girmi jiya da shekara guda.